AMFANI DA MANHAJAR GABATAR DA DARASI A AJIN HAUSA

1.0 Gabatarwa

Majigi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin mulkin mallaka ake zagayawa da shi gari-gari a mota, ana haska wa jama'a finafinan kiwon lafiya da na noma a dandali. Abin da ya sauya a yau shi ne, malami na iya tsara abin da za a haska da kansa, ya shigo da shi aji. Wannan babi zai yi bayanin manhajar da ake wannan aiki da ita, da matakan fara amfani da ita, da kuma matsalolin da suka keɓanci malamin Hausa.

2.0 Ma'ana da Taƙaitaccen Tarihi

Manhajar gabatarwa wani tsari ne na kwamfuta da ke ba mutum damar jera bayanai shafi-shafi, sannan ya haska su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango ko farin allo ta hanyar majigi. Kowane shafi ana kiran sa silaid, amma a wannan babi za mu riƙa ce masa falle. Falle na iya ɗaukar rubutu, hoto, jadawali, sauti ko bidiyo.

Wadda ta fi shahara ita ce PowerPoint, wadda Robert Gaskins da Dennis Austin suka ƙirƙira a kamfanin Forethought na Amurka. Ta fito a shekarar 1987, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Microsoft ya saye Forethought a kan dala miliyan 14. Akwai kuma Keynote ta kamfanin Apple wadda ta fito a 2003, da Google Slides da ake aiki da ita ta intanet, da Impress ta LibreOffice wadda ake samu kyauta. Duk tsarinsu kusan ɗaya ne. Wanda ya iya ɗaya, sauran ba za su gagare shi ba.

3.0 Matakan Farawa

Matakin farko ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba. Wajibi ne malami ya fara rubuta shirin darasinsa kamar yadda aka saba: manufa, ilimin da ɗalibai suke da shi, matakan gabatarwa da auna fahimta. Daga nan sai ya tambayi kansa, wane ɓangare ne alli da baki ba za su iya fito da shi sosai ba? Wannan ɓangaren shi ya cancanci falle. Bayan haka sai a bi waɗannan matakai:

(a) A buɗe manhaja, a zaɓi farin falle maras ado, a rubuta kan darasi da ajin da za a koyar.
(b) A danna Ctrl tare da M don samun sabon falle.
(c) A shigo da hoto, sauti ko bidiyo daga sashen Insert.
(d) A riƙa adana aiki a kai a kai ta danna Ctrl tare da S, domin ɗaukewar wuta ba ta sallama.
(e) A danna F5 don haska aikin daga farko, a bi shi har ƙarshe kafin ranar darasi.

4.0 Ƙa'idojin Tsara Falle

A littafinsa na 2001 kan koyo ta kafofi da yawa, masanin halayyar koyo Richard Mayer ya nuna cewa ɗalibi ya fi fahimta idan aka haɗa masa kalmomi da hotuna, fiye da kalmomi zalla. Ya kuma nuna cewa ƙarin kayan ado marasa alaƙa da darasi rage fahimta suke yi. Dalili kuwa shi ne, abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda taƙaitacce ne. Idan malami ya cika falle da rubutu, ya kuma tsaya yana karanta shi, ɗalibi zai raba hankalinsa biyu, ya zama bai saurara ba, bai kuma karanta ba. Saboda haka:

(a) Kowane falle ya ɗauki batu ɗaya tak.
(b) Girman rubutu kada ya gaza lamba 28. Ma'auninsa shi ne ɗalibin da ke bencin ƙarshe.
(c) A sa baƙin rubutu a kan farin fili, don ajinmu yakan cika da hasken rana.
(d) A guji haruffa masu tsalle-tsalle da ƙararrawa, domin su ɗalibai za su tuna, ba darasin ba.

5.0 Misali: Darasin Karin Sauti da Tsawon Wasali

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa ɗalibai kan sha wuya da wannan darasi. Mu ɗauki kalmar kuka. A falle na farko a sa hoton bishiyar kuka, a na biyu hoton yaro yana hawaye, duka ba tare da rubutu ba. A nemi ɗalibai su faɗi abin da suka gani, su saurari bambancin da kunnensu. Sai a falle na uku a jera hotunan biyu, a nuna cewa sunan bishiyar yana da karin sama-ƙasa, na hawayen kuma sama-sama. Haka za a yi da gari na mazaunin jama'a da gari na tuwo, inda tsawon wasalin gaɓar farko ya raba su. A nan falle bai ƙwace aikin malami ba; ya ajiye wa ɗalibai hujja ne, su suka gano ƙa'idar.

6.0 Matsaloli da Hanyoyin Magance Su

Matsala ta farko ita ce ta baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake rubutawa a Nijar a madadin 'y. Wasu salon haruffa ba su da su, sai a ga akwatuna sun fito a wurinsu idan aka buɗe aikin a wata kwamfutar. Barin ƙugiyar kuwa babban laifi ne ga malamin Hausa, domin kafa ba ƙafa ba ce, haka bata ba ɓata ba ce. Mafita ita ce a zaɓi salon haruffa mai ɗauke da su, kamar Andika ko Charis, a kuma adana kwafi ɗaya a tsarin PDF, wanda ba ya sauya kama.

Ta biyu ita ce rashin wutar lantarki ko na majigin kansa. Malami ya buga fallayensa a takarda, ya kuma tanadi alli. Darasin da zai mutu saboda an ɗauke wuta, tun asali ba a shirya shi ba.

Ta uku ita ce juya wa ɗalibai baya. Malami ya fuskanci aji. Idan lokacin tattaunawa ya yi, ya danna harafin B, allon zai yi duhu, idanu su dawo kansa.

7.0 Kammalawa

Manhajar gabatarwa kayan koyarwa ce kamar allo da taswira. Tana ƙara wa shiryayyen darasi armashi, tana kuma tona asirin wanda ba a shirya ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa shirin darasi ke gabatar tsara falle?
2. Tsara fallaye 5 don koyar da jinsin suna a aji ɗaya na ƙaramar sakandare.
3. Kawo kalmomi 4 da ma'anarsu ke sauyawa idan aka bar ƙugiya.