Daga bugun ƙasa zuwa katin tarot: Tsohuwar muhawarar duba ta dawo ta cikin waya a ƙasar Gwandu

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube zai iya cin karo da irin bidiyon nan: hannu ya jera katuna uku a kife, murya na cewa ka zaɓi ɗaya ka ji abin da ke zuciyar wanda kake so. Katin tarot ke nan. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke zaune a Kalgo ba ya bukatar kuɗin mota ko neman gidan wani malami da duhun asuba kafin a yi masa duba. Data kawai zai saya.

Katin baƙo ne, amma gardamar da ya zo da ita ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A Gwandu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka zauna daga 1805, kuma a nan kabarin ƙanensa Malam Abdullahi yake, wanda aka bai wa ragamar yammacin daula a 1812. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa, da duban taurari, da labarin aljanu, da kukan tsuntsaye, ya kuma yi musu hukunci mai tsanani. Fiye da shekara 200 ke nan, amma har gobe ana buga ƙasa a ƙasar Hausa.

Yadda ake yi kuwa lissafi ne tsaf. Mai duba zai baza rairayi a faifai ko a kan buzu, ya ɗiga layuka ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya riƙa soke ɗigon bibbiyu har ya ga ko ɗaya ya rage ko biyu. Daga nan yake fitar da siffofi huɗu na farko, waɗanda ake kira uwaye, daga cikinsu sauran ke fita har a cika gidaje 16: na rai, na dukiya, na aure, na ciwo, na tafiya da sauransu. A Afirka ta Yamma siffofin har sunayen annabawa da sahabbai aka raɗa musu, irin su Yusuf, Adamu, Idrisu da Usmanu. Wannan suna kaɗai ya isa ya sa mai zuwa ya ji kamar a cikin addini yake.

Tarot kuma katuna 78 ne, 22 manya, 56 ƙanana. A Italiya aka fara shi a ƙarni na 15, kuma wasan karta ne kawai na masu hali. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka mayar da shi kayan duba, suka ƙaga masa asali daga tsohuwar Masar ta Fir'auna, abin da masana tarihi ba su samu hujjarsa ba. Abin dariyar shi ne, ita kartar da kanta daga Masar ta Musulmi, zamanin Mamluk, ake ganin ta shiga Turai a ƙarni na 14.

Hujjar malamai a fili take. Ƙarshen Suratu Luƙman da aya ta 65 a Suratun Namli sun keɓe wa Allah sanin gaibu. Akwai kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim mai nuna cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Kirista ma ba su da sassauci a nan, domin babi na 18 na littafin Maimaitawar Shari'a ya haramta duba, kuma cocin Katolika na koyar da haka har yau.

To me masu yi ke cewa? Mai bugun ƙasa yana da amsar da ta fi kowace ƙarfi, domin daga hadisi ya ɗauko ta. A cikin Sahihu Muslim ɗin dai, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da masu zane a ƙasa, ya nuna cewa akwai wani annabi da yake yin zane, kuma wanda zanensa ya dace da nasa, to ya dace. Masu wannan ilmi suna cewa Annabi Idrisu ne. Sai dai Imam Nawawi da wasu masu sharhi sun bayyana cewa sharaɗin da aka gindaya shi ne ya rufe ƙofar: babu wanda ke da hanyar tabbatar da cewa nasa zanen ya dace da na annabin, don haka hukuncin ya koma hani. Ba na jin an taɓa kawo wa wannan martani gamsasshiyar amsa.

Ba za a ɓoye ba, manyan malamai sun taɓa irin waɗannan fannoni. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimai da sirrin lambobi. Masu kare duba sukan kafa hujja da irinsa. Amma wanzuwar littafi a kan abu ba fatawar halascinsa ba ce.

Masu tarot na zamani sun bi wata hanya. Cewa suke yi ba gobe suke faɗa ba, katin madubi ne kawai, hoto ne da ke sa mutum ya faɗi abin da ya daɗe yana ci masa rai. Akwai gaskiya a ciki daidai gwargwado. Yarinyar da ta zaɓi kati ta fashe da kuka, ba katin ne ya san labarinta ba, ita ce ta cika giɓin da abin da ta riga ta sani. Amma wannan amsar tana rushe sana'ar da kanta. Idan madubi ne, me ya sa taken bidiyon ke alƙawarin faɗa maka ko zai dawo, ko wa ke yi maka hassada? Tambayar da mutane ke biyan kuɗi a kanta ta gobe ce da ta zuciyar wani, kuma dukansu gaibu ne.

A nan ne maganar ta wuce ta littafi. Duba ba ya tsayawa a kan mai tambaya. An kai kuɗin gaisuwa, sai wani ya buga ƙasa ya ce tauraron yaran bai haɗu ba, aure ya watse. Yaro ya kwanta ciwo, a maimakon asibiti sai a ce akwai hannun wata mace baƙa mai tsawo a cikin gida, kuma a gidan mata biyu kowa ya san inda ido zai koma. Kishiya ko tsohuwar maƙwabciya ta kwana da tabon maita, ba ta da kotun da za ta wanke kanta.

Har sunan istihara an ara wa wannan aiki. Istiharar da aka koyar raka'a biyu ce da addu'a, mutum ya yi da kansa, ya kuma nemi shawarar masu hankali. Amma yau idan uwa ta ce za ta kai sunan saurayin 'yarta a yi istihara, sau da yawa sunansa da na mahaifiyarsa za a karɓa a yi hisabi, a dawo mata da hukunci.

Wa'azi a kan haramcin yana da yawa, a masallatan Izala da zawiyoyin ɗariƙa duka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da mai damuwa zai zauna a saurare shi. Ɗan duba yana ba da lokaci, yana rufa asiri, ba ya tsawa. Matar da ta shekara bakwai ba haihuwa, ko matashin da ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida, a can suke samun wanda zai ji su har ƙarshe, kuma yanzu waya ta sauƙaƙa musu ko da kunyar a gan su a ƙofar gidan.