Sojan da Ya Dawo da Rauni Yana Buƙatar Fili

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wasannin sojojin da suka dawo daga fagen daga da raunin da zai bi su har ƙarshen rayuwa.

Tushen abin yana asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. A 1944, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, aka damƙa wa likita Ludwig Guttmann kula da sojojin da suka ji rauni a laka. A wancan zamani kwantar da irinsu ake yi kawai, har gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ƙarasa su. Guttmann ya ƙi yarda da haka. Ya sa ana juya su a gado dare da rana, sannan ya miƙa musu baka da kibiya. Jan baka daga kan keken guragu yana ƙarfafa kafaɗa da ƙirji, kuma da wannan ƙarfin ne mutum zai ɗaga kansa daga gado zuwa keke ba sai an cicciɓe shi ba. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe gasar Olympics a Landan, mutum 16 suka fafata a harabar asibitin. Wannan ƴar gasa ce ta haifi Paralympics, wadda aka fara a birnin Rum a 1960.

A 2014 Yarima Harry, wanda shi ma ya yi aikin soja a Afganistan, ya kafa gasar Invictus domin sojojin da suka jikkata. Nijeriya ta shiga a 2023 a Düsseldorf ta Jamus, ita ce ƙasar Afirka ta farko, kuma sojanta Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram, ya ci zinare a ɗaga nauyi.

Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ƙwallon raga ta zaune. Soja zai kwance ƙafar roba ya jingine ta gefe, ya zauna daɓas a ƙasa. An sauke ragar ƙasa-ƙasa, kuma doka ce kada mazauninsa ya bar ƙasa sa'ad da yake dukan ƙwallo. Mai ƙafa biyu ma in zai buga, dole ya zauna. Mutumin da ya kulle kansa a ɗaki, barci ya ƙaurace masa, ga shi yau ana ƙwala masa kira, ana jiran ya miƙo ƙwallo. Ya sake zama wanda ake dogaro da shi, kamar yadda yake a rundunarsa.

Alherin ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba. Matarsa ta samu sauƙin jinya, ƴaƴansa na alfahari da shi, yaron unguwa da shan inna ya naƙasa ya ga abin koyi. Mutanen Kano sun san wannan, domin sun daɗe suna kallon ƙwallon guragu.

Don haka muna kira ga hukumomin soja da gwamnatocin jihohi: a tanadi fili da koci a kowane bariki da asibitin sojoji, a kuma buɗe ƙofa ga naƙasassun gari. Kai kuma mai sauraro, in akwai irin wannan soja a unguwarku, je ka gaishe shi, ka gayyato shi fili.