Gidan Mai Ƙosai Ko Shagon Komai-da-Ruwanka?

Yau zancenmu na masu ɗaukar bidiyo ne da waya suna sakawa a YouTube ko TikTok daga cikin ɗakunansu. Tambayar da ke yawan zuwa ita ce: shin in riƙa saka komai da komai, yau girki, gobe lalle, jibi nasiha, don in tara mutane da yawa? Ko kuwa in kama abu guda in tsaya a kansa?

To, uwargida, dubi unguwarku. Akwai gidan da in an ce ƙosai, ba sai an yi wa yaro kwatance ba. Akwai gidan mai ƙuli-ƙuli, akwai na mai fura. Matan nan ba su taɓa leƙa kasuwa ba, amma sunansu ya zagaye unguwa, saboda kowa ya san abin da zai tarar in ya aika. Da a ce mai ƙosai yau ta soya, gobe ta yi alewa, jibi ta ce ɗinki take, ai da yara sun gaji da dawowa da kwano babu komai sun koma wani gida.

Haka abin yake a YouTube, sai dai can ba yaro ake aikowa ba, kwamfutocin kamfanin ne ke zaɓar wa kowa abin da zai gani. Suna lura da abu biyu sosai: wa ya taɓa bidiyonki da aka nuna masa, kuma minti nawa ya yi yana kallo kafin ya fita. In kin saka yadda ake miyar kuka, matan da suka kalla har ƙarshe su ne za a fara nuna wa bidiyonki na gaba. In na gaban dambun shinkafa ne, za su buɗe, sai a ƙara kai shi ga wasu masu irin sha'awarsu. Amma in na gaban labarin bikin ƙanwarki ne, yawancinsu za su wuce, na'urar kuwa ta ɗauka bidiyon bai yi armashi ba, ta rage yaɗa shi. Kin ga ba hassada ba ce, ba kuma baki aka yi miki ba. Kin rikita mai kai miki ciniki ne.

Za ki ce ai akwai masu yin komai kuma duniya na kallonsu. Gaskiya ne. Wani matashi a Amurka da ake kira MrBeast, tun 2024 babu tashar da ta kai tasa yawan mabiya a YouTube, kuma shirye-shiryensa na kowa da kowa ne, wasanni da gasa da rabon kuɗi. Amma shi ma'aikata gare shi da ɗaruruwa, yana kashe miliyoyin daloli a bidiyo guda. Ke kuwa waya ɗaya ce, data ta ɗan lokaci, ga wuta sai an ga dama, ga yara, ga girkin maigida. Wadda ta fi kama da ke wata dattijuwa ce a ƙasar Meksiko, Dona Anjela. A 2019 ta fara nuna girkin ƙauyensu a murhun itace, babu kayan ƙawa, babu ɗakin girki na zamani. Ba ta cika wata biyu ba ta haura mabiya miliyan ɗaya. Abin da hannunta ya saba tun tana yarinya shi kaɗai ta nuna.

Sai dai ƙuntatawa ma tana da iyaka. In kika ce miyar kuka kawai, bidiyo uku kin ƙare. In kika ce abincin buɗa-baki kawai, za ki yi kasuwa a watan azumi, ki zauna wata goma sha ɗaya. Ga gwajin da nake ba da shawara: ɗauki takarda ki rubuta bidiyo talatin da za ki iya yi a fannin da kika zaɓa, ba tare da kin tambayi kowa ba. In sun cika, fannin ya ishe ki. In kin tsaya a takwas, ɗan faɗaɗa. Misali, maimakon "girki" gaba ɗaya, wanda dubban mata ke yi, ki ce girkin amarya mai koyo, ko abincin yaye na gero da waken suya da gyaɗa, ko kayan gara irin su alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda 'yan matan yanzu da yawa ba su iya ba.

Mu zo batun kuɗi, tunda na san shi ke ranki. Tun 2018 ƙa'idar YouTube ta raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In kin cika, kashi 55 cikin 100 naki ne, kuma ba a turo miki sai ya taru ya kai dala 100. Wannan hanya ce mai nisa, kuma tallan da ake nuna wa masu kallo a ƙasashenmu kuɗinsa kaɗan ne. Ribar da ta fi kusa ita ce ta hajarki. Mata ɗari biyar da ke bin ki don turaren wuta da humra, in kika ce kina sayarwa, wasu za su saya, wasu su biya ki koya musu ta WhatsApp. Mutum dubu goma da suka taru don wani abin dariya da kika saka sau ɗaya, da wuya ki sayar musu da ko kwalba guda.

In tashar ta kafu, za ki iya buɗa ta a hankali, amma zuwa maƙwabcin abin da aka san ki da shi. Mai girki ta ƙara da haɗa yaji da daddawa, ko yadda ake adana tumatir lokacin da yake araha. Kada ta wayi gari tana sharhin finafinai.

Kuma ki tuna, irin waɗannan fannoni ba sa buƙatar fuskarki. Hannu da tukunya da murya sun wadatar. Ki nemi yardar maigida tun kafin ki fara, ki kauce wa nuna fuskokin yara da ƙofar gida, domin abin da ya hau intanet sauke shi ba ya hannunki. Takardar nan ta bidiyo talatin kuwa, ki ajiye ta kusa, don mako mai zuwa in Allah ya kai mu da ita za mu yi aiki, mu ga yadda ake jingina waya da samun haske a tsakar gida. A huta lafiya.