2,147,483,647 (lamba)

2,147,483,647 (biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai) cikakkiyar lamba ce mai alƙaluma goma, wadda ke biye da 2,147,483,646. Ta shahara a fannin lissafi saboda lambar firayim ce, sannan ita ce iyakar ƙidayar manhajojin kwamfuta da yawa.

Siffofinta a lissafi

Lambar firayim ita ce wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 da ita kanta. Ana samun 2,147,483,647 idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su da juna, sannan aka cire 1, wato 2³¹ − 1. Lambobin firayim masu wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, malamin addinin Kirista ɗan Faransa da ya saka ta a jerinsa na shekarar 1644. Ita ce ta takwas a cikinsu, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Da yake 31 ma lambar Mersenne ce (2⁵ − 1), ana sanya 2,147,483,647 a rukunin lambobin Mersenne masu ninki biyu. Guda huɗu kawai aka sani a wannan rukuni: 7, 127, ita, da kuma 2¹²⁷ − 1. Idan aka ninka ta da 2³⁰ ana samun 2,305,843,008,139,952,128, wadda kammalalliyar lamba ce, wato jimillar duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, daidai take da ita.

Tarihi

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Siwizalan, shi ne ya tabbatar da cewa firayim ce, a wasiƙar da ya aika wa Bernoulli a 1772. Maimakon ya gwada kowace lamba, ya nuna cewa duk firayim da zai raba ta sai ya kasance da siffar 248n + 1 ko 248n + 63, kuma a cikin waɗanda ba su wuce 46,340 ba babu wanda ya raba ta.

A fannin kwamfuta

Kwamfuta na ajiye lambobi ne da 0 da 1. A tsarin bit 32, ana ware bit ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Idan duka 31 ɗin suka zama 1, ana samun 2,147,483,647. Da an ƙara 1 a kai, a yawancin tsare-tsare ƙidayar sai ta juye zuwa −2,147,483,648.

Wannan iyaka ce ta sa YouTube ya sanar a Disamban 2014 cewa ya koma ƙidayar bit 64, lokacin da masu kallon bidiyon Gangnam Style suka kai wannan adadi.

Matsalar shekarar 2038

Tsarin Unix yana lissafin lokaci ta hanyar ƙidaya daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970. Ƙidayar za ta kai 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 03:14:07 agogon GMT. Na'urar da ke amfani da bit 32 za ta ɗauka an koma 13 ga Disamba, 1901. Sababbin kwamfutoci da wayoyi sun koma bit 64, amma haɗarin yana nan ga tsofaffin na'urorin da ke cikin motoci, masana'antu da kayan sadarwa, waɗanda sabunta su ke da wuya.