Masu Zane a Kasuwar Bodija: Sana'arsu da Haƙƙinsu

Duk wanda ya shiga Kasuwar Bodija a birnin Ibadan, watau Badun, idonsa zai sauka a kan aikin masu zane tun kafin ya taya kwanon wake. Allunan shaguna, da hotunan aski a ƙofar masu aski, da zaki ko dawisu a jikin manyan motocin da ke sauke albasa da wake daga Arewa, duka aikin hannun wasu mutane ne waɗanda ba safai ake sanin sunayensu ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda suke aikinsu, da kuma abin da doka ta tanadar musu.

Wurin Aikinsu

An buɗe Kasuwar Bodija a shekarar 1987, aka maido da masu sayar da kayan abinci can daga Orita Merin saboda cunkoso. Amma zaman Hausawa a Ibadan ya girmi kasuwar ƙwarai, gama tun a 1916 aka keɓe musu unguwar Sabo, inda fataucin goro da shanu ya kafu. A irin wannan wuri da Bayarabe da Bahaushe da Ibo suke ciniki tare, ba kowa ke karanta harshen ɗan'uwansa ba. Hoto kuwa ba ya bukatar tafinta. Wanda ya ga an zana kifi ko keken ɗinki ya san abin da ke cikin shago. Wannan shi ne amfanin mai zane ga kasuwa.

Ire-iren Masu Zane

Da farko akwai mai rubuta allon shago, wanda jarinsa bai wuce buroshi da gwangwanayen fenti da falanki ba. Sai mai fentin mota, wanda yake ƙawata bodin katako da hotuna da karin magana, kamar "Haƙuri maganin zaman duniya". Akwai kuma sana'o'in da Hausawa suka gada: mai zana aska takwas ko aska biyu a gaban babbar riga kafin maɗinki ya bi da zare, da malamin da ke yi wa allo zayyana domin ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, da mata masu zanen lalle a lokacin biki. Na ƙarshe shi ne mai zanen hotunan littattafai, wanda yake samun aiki a kamfanonin ɗab'i na Ibadan, irin su Heinemann da Evans, waɗanda suka daɗe a birnin.

Yadda Ake Koyo

Hanyoyi biyu ne. Yawancin masu zanen kasuwa a gaban maigida suke koyo. Yaro yakan fara da wanke buroshi da dama fenti, sa'an nan a ba shi cike haruffan da aka riga aka shata, har hannunsa ya faɗa, a yaye shi bayan 'yan shekaru. Hanya ta biyu ita ce makaranta. A Ibadan aka fara koyar da zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, aka mai da sashen Zariya a 1955, yana nan kuma a Jami'ar Ahmadu Bello har yau. Cikin ɗalibansa akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, wanda ya zana hotuna a littattafan Chinua Achebe da Cyprian Ekwensi. Wannan ya nuna cewa zane sana'a ce da take iya kai mutum nesa.

Matsalolin Sana'ar

Aikin ba shi da albashi. Yakan yi yawa a lokacin Salla da Kirsimeti da zaɓe, sa'an nan ya ɗauke. Tun wajen shekarun 2000 kuma injunan buga hoto a kan leda ta hanyar kwamfuta suka karɓe yawancin aikin alluna, domin abin da hannu zai kwana uku yana yi, inji yakan gama shi a yini guda. Har wa yau akwai haɗarin lafiya: wasu fenti suna ɗauke da dalma, wadda take lahanta ƙwaƙwalwar yara, shaƙar tina a ɗaki rufaffe kuwa yana cutar da huhu. Amma babbar asara ita ce a ɗauki zanen mutum a waya, a buga shi ɗari, shi kuwa bai sami ko kwabo ba.

Abin da Doka Ta Ce

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ce ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, zane yana samun kariya da zarar an gama shi, ba sai an yi rajista ba. Haƙƙin yana hannun mai zane muddin ransa, magadansa kuma su ci gaba da riƙe shi har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sayen allo ba sayen haƙƙin buga hoton da ke kansa ba ne, kuma ba a sallama wannan haƙƙi sai a rubuce. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1989, ita ce ke karɓar koke-koke.

Gargaɗi

Saboda haka ya kamata kowane mai zane ya riƙa sa sunansa da kwanan wata a kan aikinsa, ya kuma ajiye hotonsa. Kada ya fara babban aiki sai an rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa ne lada, kuma ko an yarda a buga zanen ko ba a yarda ba. Ya yi fenti a fili inda iska take, ya wanke hannu kafin cin abinci. Lalle ne kuma ya koyi kwamfuta, gama inji ba ya ƙirƙiro hoton da zai burge mai shago sai da idon gwani. Su kuma 'yan kasuwa da masu buga leda su tuna cewa zane guminsa ne, kamar yadda hatsi yake gumin manomi. Wanda ya biya lada cikakke ya taimaka wajen raya sana'ar da take kira masa masu saye kullum.