Yadda Ake Kyautata Lasifika Mai Araha A Birnin Alƙahira

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Imbaba ko Madinat al-Salam a birnin Alƙahira da dare, ya san cewa kiɗan garin kan iso ƙirjin mutum tun kafin ya iso kunnensa. Salon kiɗan nan da ake kira mahraganat, wanda matasa irin su DJ Figo da Sadat suka fito da shi wajen ƙarshen shekarun 2000, ya dogara ne a kan kakkauran amo mai girgiza ƙasa, ko a wurin biki a bakin titi, ko cikin keken a-daidaita-sahu. A watan Fabrairu na 2020 Ƙungiyar Mawaƙan Masar ta hana yin wannan kiɗa a wuraren shaƙatawa, amma hanin bai raba jama'a da sha'awarsa a gidajensu ba.

Na'urar da ke fitar da irin wannan amo ita ce masu sana'a ke kira sabwufa, watau lasifikar da aikinta kawai shi ne kawo muryar ƙasa, kamar ta tambari ko babbar ganga. Mai kyau tana da tsada, balle tun da aka karya darajar fam ɗin Masar a watan Nuwamba na 2016, aka kuma sake karya ta a watan Maris na 2024, lokacin da dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan fam 50. Saboda haka galibin masu zuwa Titin Abdul Aziz, kasuwar kayan lantarki, da mai araha suke komawa gida. Hausawa kan ce araha ba ta ado. To, amma a nan ana iya yi mata ado da kuɗi kaɗan, muddin mutum ya gane inda aibin yake.

Da farko sai mu duba yadda abin ke aiki. Kunnen ɗan Adam yana jin amo daga kaɗawa 20 zuwa kaɗawa 20,000 cikin daƙiƙa guda, abin da masana ke aunawa da hats. Rabon sabwufa shi ne na can ƙasa, daga wajen hats 20 zuwa 100 ko ɗan fiye. A cikinta akwai faifai mai kama da mazurari, da naɗin waya, da maganaɗisu, fasalin da Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a Amurka a 1925. In faifan ya turo iska gaba, a lokaci guda yana janye ta baya, kuma in iskar gaba ta haɗu da ta baya sai su kashe juna. Wannan shi ne dalilin sanya shi cikin akwati. Ashe ke nan akwatin rabin na'urar ne, kuma a nan masu ƙera ta araha suka fi tsuke hannu.

Gyara na farko shi ne toshe kafofi. A kunna kiɗa mai nauyi, a bi da bayan hannu ta gefen faifan, da kusurwoyin akwatin, da wurin da wayoyi suka shiga. Duk inda aka ji iska na hurowa, a cike shi da gam ko silikon, a ɗaure sukurorin da suka yi sako-sako, a sa siririn soso tsakanin bakin faifan da katako.

Na biyu shi ne ƙarfafa bangon akwatin. A ƙwanƙwasa shi da yatsa. In ya amsa kamar ƙwarya, to, bangon yana kaɗawa tare da kiɗan, yana shan ƙarfin da ya kamata ya fito, yana kuma ƙara nasa gurnani. Kafinta na iya gitta sanda daga wannan bango zuwa wancan ta ciki, ko ya manna falanki mai kaurin milimita 18. Sai dai a yi hattara kada katakon ya cinye sararin ciki da yawa.

Na uku shi ne zuba audugar roba, irin wadda ake cusa wa matashin kai. In aka sa ta sakwa-sakwa, takan sa akwatin ya yi aiki kamar ya ɗan fi girmansa, ta kuma rage amsa-kuwwa a ciki. Kada a danƙara ta, kada kuma ta taɓa ƙarfen amfilifaya, domin yana ɗaukar zafi.

Na huɗu ya shafi bututun da ke jikin yawancin akwatunan nan. Albert Thuras na ɗakunan binciken Bell ne ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1932. Aikinsa kamar na bakin kwalba ne in an hura shi: tsawonsa da faɗinsa da girman akwatin su ke ƙayyade amon da zai ƙarfafa. Sau da yawa akan gajarta shi don na'urar ta burge mai saye a kanti, alhali kuwa a gida sai ta riƙa maimaita murya guda. Ƙara masa tsawo da bututun famfo na roba yana saukar da amon ƙasa. Wasu kuwa sukan toshe shi da soso ɗungum, su mai da akwatin rufaffe, irin wanda Edgar Villchur ya shahara da shi tun 1954. Ƙarfin zai ragu, amma bugun ganga zai fito tsaf. Mai son lissafi sosai yana da ƙa'idojin da Neville Thiele ya wallafa a Ostareliya a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970.

Gyara na biyar ba ya cin ko sisi, kuma ya fi sauran tasiri, watau sauya mazauni. Amo yana tafiyar mita 343 cikin daƙiƙa, saboda haka igiyar amon hats 40 ta wuce mita 8 tsawo, ta fi yawancin ɗakuna. A ɗaki mai tsawon mita 4, amon wajen hats 43 yakan yi ta kai da kawowa tsakanin bango biyu, ya yi yawa a wani wuri, ya ɓace a wani. Gidajen bene na Alƙahira, masu ginin siminti da daɓen tayil, sun fi tsananta wannan. Dabarar ita ce a ɗora sabwufar a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa, a zaga gindin bango a durƙushe ana saurare. Inda amon ya fi daidaita, nan ne mazauninta. Daga nan sai a sa maɓallin raba amo wajen hats 80, a rage ƙarfinta har ta daina nuna inda take.

Mai neman ƙananan kaya, kamar waya da dalma, zai same su a shagunan Bab al-Luk. Amma a lura da abu biyu. Wutar Masar bolt 220 ce, kuma ma'ajiyar caji da ke cikin amfilifaya takan riƙe wuta bayan an zare soket. Wanda bai ƙware ba ya bar wa mai gyaran rediyo wannan sashe. Sa'an nan kada lambobin wat da aka rubuta a kwali su ruɗi mai saye. Ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, kuma yana iya ƙona naɗin wayar faifan.

Daga ƙarshe akwai haƙƙin maƙwabci da lafiyar kunne. Kakkauran amo yana ratsa daɓe da bango fiye da siririn amo, shi ya sa na ƙasan bene ke jin gurnani ba tare da waƙar ba. Shimfiɗa roba mai kauri ko soso mai tauri a ƙarƙashin akwatin yana rage girgizar da ke bin daɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron amon desibel 80, kuma in ƙarar ta ƙaru, lokacin sai ya ragu ƙwarai. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Lasifikar da aka toshe kafofinta, aka ƙarfafa bangonta, aka kuma ajiye ta inda ya dace, takan gamsar da mai ita ba tare da ya murɗa maɓalli har ƙarshe ba, kuma wannan shawara ta shafi mai sauraro a Kano ko Maraɗi kamar yadda ta shafi na Alƙahira.