Ranar da Imam Ghazali ya bar kujerar Nizamiyya

A watan Zulƙida na shekarar 488 bayan Hijira, daidai da 1095 Miladiyya, malamin da ya fi kowa ɗaukaka a Bagadaza ya yi sallama da birnin. Ya shaida wa jama'a cewa Makka za shi, alhali Sham ya ƙudurta a ransa, domin ya san halifa da abokai ba za su sake shi ba. Wannan malami shi ne Abu Hamid Al-Ghazali, Allah Ya yi masa rahama.

Shekara huɗu ke nan da waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi a kan kujerar makarantar Nizamiyya, ɗalibai kimanin 300 suna ɗaukar karatu a gabansa. A littafinsa Al-Munƙiz ya bayyana abin da ya tayar da shi: ya binciki niyyarsa ta karantarwa, sai ya tarar neman suna da matsayi sun gauraye ta. Kusan wata shida ya yi yana kai-kawo tun daga Rajab, in ya yi azamar tafiya da safe, kafin yamma son duniya ya warware ta. Daga bisani harshensa ya ƙulle, ya kasa furta ko kalma a wurin darasi, abinci ya daina karɓarsa, likitoci suka ce ciwon a zuciya yake.

Mu da muke hawa mumbari da kujerar karatu, wannan labari yana sosa mana inda ke mana ƙaiƙayi. Ɗalibansa sun amfana, littattafansa sun bazu, ba wanda ya tuhume shi da komai. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin tulun. Sai dai kada matashin malamin Islamiyya da ƙarancin albashi ya gajiyar ya fake da shi. Ghazali ya tafi ne lokacin da duniya ta buɗe masa hannu, kuma sai da ya tanadar wa iyalinsa abin masarufi kafin ya rabar da sauran dukiyarsa. Ƙaninsa Ahmad ya riƙe darasin a madadinsa.

Ya zauna a Dimashƙa, yana kulle kansa a hasumiyar masallaci yini guda, sannan ya wuce Baitul Maƙdis. A Al-Khalil, wurin kabarin Annabi Ibrahim (AS), ya yi alkawarin ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi dukiyar sarki ba, kuma ya bar muƙabala. A waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din.

A shekarar 499, bayan shekara goma sha ɗaya, ya koma karantarwa a Nizamiyyar Naisabur, bisa matsin waziri Fakhrul Mulk, ɗan wanda ya fara naɗa shi. Ya ce a da ilimin samun matsayi yake yaɗawa, yanzu kuwa ilimin barinsa. Bai daɗe ba ya koma garinsu Ɗus, inda ya ci gaba da karantar da ɗalibai kusa da gidansa har ya rasu a 505.